Yadin da Ban Ninka Ba

Mu uku ne a gidanmu da ke bayan coci a garin Sampués: ni, da Mami, da Maryuris. Mami ita ce mahaifiyata, Eufemia, tela ce da rabin matan garin nan suka yi aure cikin rigar da ta ɗinka. Ni Nereida, malamar aji uku a firamare, yara na kirana Seño Nere, wato Malama Nere. Maryuris kuwa 'yar yayata ce, tana kirana Tía, wato inna, shekarunta goma sha ɗaya, uwarta na aiki a Panama, sai dai a gaisa ta waya ranar Lahadi. Ba mu rasa abinci ba, kuma kaya sun cika mana durowa. Abin da ni da yarinyar nan muka rasa guda ɗaya ne: ba mu da riga ko ɗaya da aka yanka don jikinmu.

Bari in yi muku bayani a tsanake, masu karatu, don ku gane abin da ya faru ranar Lahadin nan. Ƙashin bayana ba a miƙe yake ba. Ya lanƙwasa tun ina 'yar makaranta. Kafaɗata ta dama ta fi ta hagu tsayi, allon kafaɗar ya ɗan turo waje, ƙuguna na hagu kuma ya shige ciki. Ba ya hana ni aiki, ba ya hana ni rawa. Riga ce kawai ba ta zama a kansa.

Mami tana yanka kamar yadda kowane tela ke yi. Ta ninka yadi gida biyu, ta ɗora takardar awo, ta sa almakashi sau ɗaya, hagu da dama su fito iri ɗaya sak. In ta gama, sai ta ɗauko soso. Ta cusa a kafaɗar hagu, ta liƙa wani a ƙugu, ta shimfiɗa wani siriri a gefen baya don ya kamo tudun da ke ɗaya gefen. Haka na girma, ina yawo da katifa a cikin zafin garin nan. Idan na dawo daga makaranta na cire riga, ƙurajen zafi sun jeru a inda soson ya kwanta.

"Amma wa ya taɓa ganewa?" Mami kan ce, tana shafa mini hoda. "Ko matar mai kantin magani, da idonta ke ganin abin da ke cikin tukunyar maƙwabta, ba ta taɓa ganewa ba."

Ba mugunta ba ce, ku fahimce ni. Hanyar da ta sani ke nan ta son mutum.

To, ga Wilfrido. Shi ke kula da shanun mahaifiyarsa, shi ke kawo cuku gari a bayan babur. Mun fara ne daga cuku, muka koma gaisuwa, muka koma zama a barandarmu, shi a kujerar lilo, Mami a ciki tana taka keken ɗinki da ƙarfi don mu san tana nan. Ya san bayana. Namijin da ya riƙe mace a wajen rawa ba ya buƙatar a faɗa masa. Bai taɓa cewa komai ba, ni kuma na ɗauki shirun nan a matsayin so.

Aka sa ranar Lahadi zai zo da mahaifiyarsa, Doña Berenice, wato Uwargida Berenice, su nemi aurena. Matar nan bazawara ce mai garken shanu, kuma kowa ya san ba ta sayen maraƙi sai ta zagaya shi, ta tambayi uwarsa da kakarsa.

Ana cikin wannan shiri Mami ta sayo yadi daga birnin Sincelejo, ruwan ganye mai duhu da ƙananan furanni farare. Ta shimfiɗa shi a tebur, ta ce mini ba tare da ta ɗago kai ba:

"Ranar Lahadi Maryuris za ta wuni a gidan innarki Chabela."

"Don me?"

"Don Chabela na kewarta."

"Mami, Tía Chabela ta gan ta jiya. Har ta kore ta saboda ta cinye mata mangwaro."

Ta ajiye alli. "Kina so in faɗa da baki? To. Ke zan iya gyara ki, na saba. Yarinyar nan kuwa ba ta zama wuri ɗaya, soson sai ya zame ya koma hammata. In matar nan ta ga bayanta, za ta juyo ta ƙara duban naki. Mutum ɗaya tsautsayi ne. Mutum biyu a gida ɗaya, jini ne."

Bayan Maryuris ya fara lanƙwasa bara. Ni na kai ta wurin likita, ya ba ta motsa jiki, ya ce mu riƙa dawowa yana dubawa. Tun daga lokacin Mami ta fara sa mata soso a rigar makaranta.

Na juya zan amsa, sai na ga ƙafafu biyu a ƙarƙashin labulen ƙofar ɗaki. Silifas ruwan hoda. Suka tsaya kaɗan, suka juya a hankali suka koma ciki. Ba ta yi kuka ba. Da aka zo cin abinci ta ce, "Tía, in tafi da littafin zanena gidan Tía Chabela? Zan zauna a bayan gida, ba wanda zai gan ni daga titi."

Masu karatu, na yi shekaru ina koyar da yara. Na san muryar yaron da ya yi laifi yana neman a yafe masa. Da wannan muryar ta yi magana.

Washegari ina tsakiyar duba littattafan ɗalibai lokacin tara, wayata ta yi ƙara. Saƙo ne daga Wilfrido.

"Sarauniyata, kin karya?"

"Na sha kofi. Ya shanu?"

"Suna gaishe ki. Wata 'yar alfarma nake nema."

"Ina ji."

Alamar yana rubutu ta fito, ta ɓace, ta sake fitowa.

"Ranar Lahadi ki sa irin rigunan nan da Doña Eufemia ke miki. Masu kafaɗa. Kin san Mama da lura. Bayan aure ai shi ke nan, ba ruwan kowa."

Na daɗe ina kallon saƙon. A waje yara na tsallen igiya suna ihu. Na rubuta, "Kai kuma fa, wace kake so ka aura, mai kafaɗa ko ni?" Na goge. Ni ba mai faɗa a waya ba ce. Na rubuta, "Zan sa riga mai kyau." Ya turo mini zuciya ja har uku.

Ban yi ƙarya ba. Ku shaida.

Da na dawo gida, Mami ta tafi auna wata amarya a ƙauye, sai yamma. Na ciro tsohon zanin gado, na kira Maryuris.

"Zo, yau darasi za mu yi."

"Na lissafi?" ta ce, fuska a yamutse.

"Na almakashi."

Na yanka riga daga zanin gadon, sakwa-sakwa, na haɗa ta da manyan ɗinki irin waɗanda ake zarewa da yatsa. Na sa a jikina, babu soso. Mutum ba ya ganin bayansa, don haka na jingina wayata da gwangwanin sukari, na kunna bidiyo, na juya a hankali. Muka zauna muka kalla tare.

Wannan ne karon farko da na tsaya na kalli bayana da niyyar in san shi. Da can in na hango shi a madubi sai in kau da kai.

"Duba nan," na ce mata, kamar ina gaban allo. "Kin ga inda yadin ya ja, ya yi layi-layi? Wurin nan yana neman ƙari. Nan kuma da ya tattare ya yi jaka, yadin ya yi yawa. Shi ke nan. Abu biyu ne kawai."

"To sai a yi yaya?"

"Inda yake so a ƙara, mu tsaga mu sa ƙyalle. Inda ya yi yawa, mu kama da fil."

Ta tsaga zanin a kan allon kafaɗata ta dama, muka cusa wani ƙyalle a tsagar. Ta kama rarar ƙugun hagu da fil, ta soke ni sau biyu.

"Wayyo! Yadin za ki kama, ba Tía ba!"

"To ki daina motsi! Ke ce kullum ke ce wa yara su tsaya cak!"

Muka sake bidiyo, muka sake gyara, har layukan suka kwanta ɗaya bayan ɗaya. Da na cire rigar na warware ta a tebur, sai ga gefen dama da na hagu kamar ba na riga ɗaya ba. Ɗaya mai faɗi da tudu, ɗaya siriri da lanƙwasa. Maryuris ta tuntsire da dariya.

"Tía, wannan ai taswira ce!"

"Taswirata ce. Tashi, yanzu taki."

Dariyar ta tsaya. "Ni ai ba na nan ranar."

"Ɗaga hannu," na ce.

Muna cikin shimfiɗa yadin Sincelejo Mami ta shigo. Na buɗe shi gaba ɗaya, fuska sama, daga wannan gefen tebur zuwa wancan, na jera gutsattsarin zanin gado a kai, kowane gefe da nasa. Ta tsaya a bakin ƙofa da jakarta a hannu.

"Nereida. Wa ya mutu da kika shimfiɗa yadi haka?"

"Yanka zan yi."

"A buɗe? A gidan nan ba a taɓa yanka yadi a buɗe ba. Ninka shi."

"In na ninka, Mami, hagu da dama za su zo ɗaya. Ni kuma ba ɗaya ba ce."

Ta matso ta ɗaga ɗaya daga cikin gutsattsarin da yatsa biyu kamar ta tsinci mataccen ɓera. Sannan ta ga ƙananan da ke gefe, na Maryuris.

"Yadin ba zai isa mutum biyu ba."

"Zai isa in na bar dogon hannu."

"Haba 'yata! Kin san abin da kike yi kuwa? Yaron nan na kirki ne. Ba ya sha, ba shi da 'ya'ya a waje, yana gaishe ni da hula a hannu. Kina tsammanin irinsa suna zuba ne daga bishiya? Wuni ɗaya! Wuni ɗaya nake roƙo ki daure!"

"Ni zan iya daurewa, Mami. Na saba. Amma yarinyar nan ta ce za ta zauna a bayan gida don kada a gan ta daga titi. Da bakinta ta faɗa, kina zaune."

Mami ta kalli Maryuris. Yarinyar ta sunkuyar da kai tana wasa da fil.

"In kika sa almakashin nan," Mami ta ce a hankali, "babu hannuna a rigar."

Na sa almakashin. Ƙararsa a kan katako ita kaɗai ake ji a gidan. Mami ta shige kicin ta fara fere doya kamar doyar ce ta yi mata laifi.

Ta cika alkawarinta har zuwa ranar Asabar. Ba ta taɓa rigar ba, ba ta kalle ta ba, in ta zo wucewa ta gefen keke sai ta ɗaga kai sama. Wilfrido kuwa saƙonni yake ta turowa: hoton sabuwar rigarsa fara, hoton cukun da za su kawo, da wata waƙa da ya ce ta tuna masa da ni. Na yi ta amsawa da fara'a. Ban ambaci tawa rigar ba.

Ranar Asabar da safe ya rage kalmasa. Mai baya irin nawa ba a auna masa tsawon riga daga ƙugu, sai gefe ɗaya ya ɗage. Daga ƙasa ake aunawa. Na goga alli a jikin zare, na ɗaure shi a bakin ƙofa daidai gwiwa, na tsaya ina juyawa a hankali ina gogar zaren, yana bar mini farin layi a zagaye. Maryuris ta yi nata tana waƙa.

Ina cikin juyawa na ji an riƙe mini hannu ta baya.

"Tsaya," Mami ta ce. "Hammatar nan ta matse. Da kin miƙa wa matar kofi za ta yage."

"Na ɗauka babu hannunki."

"Rufe mini baki ki cire. Ba za a ce rigar da ta fita daga gidan Eufemia ta yage a gaban baƙi ba. Karkatacciya ko ba karkatacciya ba."

Ta farke hannun, ta mayar da shi cikin ɗan lokaci, ta goge ɗinkin. Ba ta ce ta yarda ba. Amma ba ta sake ambaton gidan Tía Chabela ba.

Ranar Lahadi bayan coci suka iso a motar gona. Doña Berenice ta sauko da baƙar riga, da takalmi mai tsini, da maficin hannu. Wilfrido na biye da ita riƙe da cuku, aljihun rigarsa ya ɗan kumbura da wani ƙaramin akwati irin na zobe. Gidan na ƙamshin miyar doya da cuku. Mami ta tarbe su, ta zaunar da su a falo a ƙarƙashin fanka.

Na fito da faranti na kofi. Maryuris na bayana da ruwan gwaiba, rigarmu iri ɗaya.

Ban san yadda zan kwatanta muku ba. Iska na taɓa kafaɗata. Rigar ta bi ni, ba ta ja ba, ba ta zame ba, kalmasarta ta tsaya daidai a zagaye. Kuma kowa mai ido zai ga cewa kafaɗa ɗaya ta fi ɗaya tsayi.

Murmushin Wilfrido ya daskare. Ya kalli kafaɗata, ya kalli mahaifiyarsa, ya kalli cukun da ke cinyarsa.

Doña Berenice ta karɓi kofi, ta kurɓa, ta ajiye.

"Seño, ɗan juya in gani."

Na juya. Ban yi sauri ba.

"Faɗuwa kika yi?"

"A'a, Doña. Haka na girma."

Idonta ya koma kan Maryuris. "Zo nan, 'yar kyakkyawa." Yarinyar ta dube ni, na gyaɗa mata kai. Matar ta ɗora tafin hannu a bayanta, ta bi shi daga wuya zuwa ƙugu. "Ita ma?"

"Ita ma."

"Ashe a jini yake."

"Mama," Wilfrido ya ce, "kofinki zai huce."

"Kai, yi mini shiru."

Na buɗe baki zan yi magana, sai Mami ta riga ni.

"Daga wajena ne, Doña Berenice. Uwata haka bayanta yake. Ta haifi tara, ta yi wanki a rafi har gashinta ya yi fari, ta binne miji mai miƙaƙƙen baya. In tarihin garke kike tambaya, ga shi nan."

Na juya ina kallon mahaifiyata. Haɓarta a sama take.

Doña Berenice ta naɗe maficinta. Ba ta ɗaga murya ba. Ɗanta ta fuskanta.

"Ka sani?"

"Na sani, Mama."

"Tun yaushe?"

"Tun ranar da muka fara rawa."

"Ka sani, ka bar ni na sa takalmin coci, na zo gidan mutane kamar makauniya? So ka yi sai an haifa mini jika sannan in gani?"

"Ba haka ba ne, ni dai na ce mata ta..." Ya kama bakinsa. Ya makara.

"Ka ce mata ta me?"

Ba wanda ya taimake shi. Ni ma ban taimake shi ba, Allah Ya gani. Fanka na ta juyawa.

Matar ta miƙe tsaye. "Doña Eufemia, na gode da kofi. Yau ba zan nemi aure ba. Ban ce a'a ba, kuma ban ce e ba. Akwai maganar da zan yi da wannan a gida." Ta tsaya a gabana, ta kama kafaɗar rigata ta murza ɗinkin tsakanin yatsu, ta sake, ta wuce.

Wilfrido ya ajiye cukun a kan tebur. A bakin ƙofa ya juyo, hannunsa a kan aljihun nan.

"Nere, kin ce za ki sa..."

"Na ce zan sa riga mai kyau. Ba ta yi kyau ba?"

Ya kalle ni daga sama har ƙasa, ya buɗe baki, mahaifiyarsa ta danna hon. Ya tafi.

Muka ci miyar mu uku, tukunyar mutum biyar. Mami ta yi ta mita cewa doyar ta yi ruwa, ba ta kalli kowa ba. Muna wanke kwanuka wayata ta yi ƙara. Saƙon murya ne daga Wilfrido, dogo, irin wanda bai taɓa turo mini ba. Na kifa wayar a kan tebur.

"Ba za ki ji ba?" Mami ta ce.

"Sai na gama wanke-wanke."

"Ki ce dai tsoro kike ji."

"Tsoro nake ji," na ce. Gaskiya ce. Ina son mutumin nan, masu karatu. Kada rigar ta sa ku ɗauka ba na sonsa.

Maryuris ta ja ni ta gefe. "Tía, saboda ni suka tafi?"

Na goge hannuna, na durƙusa daidai tsayinta, kamar yadda nake yi a aji.

"A'a. Sun tafi ne su yi tunani. Tunanin nasu ne, ba naki ba."

"In bai dawo ba fa?"

"In bai dawo ba zan yi kuka, ki kawo mini ruwan gwaiba. Amma ba zan mayar da soso ba."

Ta shafa gefen rigarta. Sannan ta ruga ɗaki, ta dawo da rigar makarantarta, ta juya ta ciki waje har soson ya bayyana, ta miƙa wa Mami tare da ƙaramin almakashi.

"Kaka, ki cire mini wannan. Gobe Litinin."

Mami ta riƙe rigar ta daɗe. Daga nan ta sa tabarau, ta zauna a gaban keke, ta fara tsinke zaren.

Saƙon yana nan, har na zauna rubuta muku wannan ban buɗe shi ba. Maryuris ba ta san ko za a yi auren nan ba, ni ma ban sani ba. Abin da ta gane shi ne, baƙi sun zo, sun kalli bayanta, sun tafi, ita kuma tana nan a gidansu, cikin rigar da ta yi mata daidai.